Taswira da Masu Zana Ta a Kwarin Rima: Daga Sarkin Musulmi Bello Zuwa Tauraron Ɗan'adam

Gabatarwa

A ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya, ma'aikaci yakan ajiye aiki in ya cika shekara 35 yana yi, ko kuwa in ya kai shekara 60 da haihuwa. Saboda haka saurayin da ya shiga Sashen Safiyo a Sakkwato cikin 1975, lokacin ana ce da wurin Jihar Arewa maso Yamma, a 2010 zai yi ritaya. A tsakanin nan ya yi wa jiha uku aiki ko da bai yi nisa da gida ba, domin an kafa Jihar Sakkwato a 1976, aka kuma cire Jihar Kebbi daga cikinta ran 27 ga Agusta 1991. Kayan aikinsa ma sun sake fiye da sau uku. Ya fara da jan sarƙar awo da leƙa tabarau mai ƙafa uku, ya koma karatun hoton da jirgin sama ya ɗauka, ya ƙare da kwamfuta da na'urar da ke karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan sana'a a kwarin Rima, watau ƙasar da ta haɗa Argungu da Birnin Kebbi, a ga abin da kowane irin awo ya iya gani da abin da ya kasa gani, da kuma wanda ya sha wahalar kasawar.

Kalmar taswira kanta daga Larabci aka aro ta, asalin ma'anarta kuwa siffantawa. Wannan ma'ana ta dace ƙwarai, don kuwa mai siffanta abu zaɓe yake yi, ya faɗi wani ya bar wani.

Taswirar Bello da agogon Barth

Ba Turawa ne suka kawo sanin ƙasa nan ba. Fatake da mahajjata da mayaƙa sun san zango-zango, sun san rijiya da mashigin gulbi, suna kuma lissafin nisa da kwanan tafiya. Cikin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta wajen 1812, akwai bayanin ƙasashen Takruru ɗaya bayan ɗaya. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris 1824, babban abin da ke ransa shi ne ya san inda Kwara ta nufa. Ya ba da labari cewa Sarkin Musulmi ya zana masa hanyar kogin a kan rairayi, ya nuna masa yana faɗawa teku. Amma taswirar da aka ba shi a takarda, wadda aka buga a Landan cikin 1826, ta nuna kogin ya miƙe gabas, har da rubutun da ke cewa shi ne ke kai wa Masar.

Masana sun daɗe suna muhawara a kan wannan saɓani. Waɗansu sun ce mai zanen ya bi ra'ayin tsofaffin littattafan Larabci ne kawai, waɗansu kuwa sun ce da gangan aka yi, don kada a buɗe wa baƙo ƙofar da jiragen ruwansa za su shigo. Ra'ayi na biyu ba abin rainawa ba ne. Mutumin da ya ji labarin abin da Ingilishi suka yi a Hindu yana da dalilin yin rowar hanya. Ko yaya dai abin yake, sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin cikin kwalekwale har bakin teku, gardama ta ƙare.

Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya zo Gwandu a 1853, ya wuce ta Birnin Kebbi ya nufi Say. Ya tarar da kufan tsohon birnin da mayaƙan jihadi suka ci a 1805. Kayan awonsa kamfas ne da agogo. Yana tafe bisa doki yana rubuta inda hanya ta karkata da mintin da aka yi kafin ta sake karkata, kuma daga waɗannan rubuce-rubuce ne August Petermann ya zana taswirorin da ke cikin littafinsa. Irin wannan awo yana ba da zare ɗaya ne kurum, watau hanyar da matafiyi ya bi. Abin da ke dama da hagu sai abin da 'yan rakiya suka faɗa masa.

Da'irar mil ɗari

Inda taswira ta fara cizo a wannan ƙasa shi ne wajen raba iyaka. A 1890 Ingila da Faransa suka shata layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, da sharaɗin cewa duk abin da yake na daular Sakkwato zai faɗa ɓangaren Ingilishi. Matsalar ita ce babu wanda ya san iyakar daular a cikin masu sa hannu. Da Bafaranshe Monteil ya bi ta Argungu a 1891, sai ya tarar Kabawa ƙarƙashin Sarki Sama'ila ba su bin Sakkwato, yaƙi ma suke yi da ita. Faransa ta riƙe wannan hujja.

A yarjejeniyar 1898 sai aka yi abin da ko ɗalibin lissafi zai gane. Aka kafa tsinin kamfas ɗin zane a tsakiyar birnin Sakkwato, aka buɗa shi mil 100, aka ja rabin da'ira ta arewa, aka ce iyaka ke nan, bayan ta biyo Dallol Mauri daga kudu. Da'ira ba ta san rijiya ba. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta koma cikin ƙasar da babu ruwa, suka yi ta kuka har aka sake shiri a 1904 da 1906. Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi iyakar da ƙafa, suna duban taurari da dare don tabbatar da matsayinsu, suka kafa turaku 148 daga Kwara zuwa Cadi. Sakamakon wannan aiki ne Dogon Dutsi da Matankari suke Nijar, Kangiwa take Nijeriya, alhali duk ƙasar Arewa ce. Haka kuma Gaya da Kamba a ƙasar Dandi. Sarkin Kabi ya wayi gari wani yanki na ƙasar da yake ganin tasa ce yana hannun wani Bature daban.

Sarƙa, tabarau da hoton sama

Bayan iyaka sai haraji. A Katsina da Kano Turawa sun shigo da awon gona da taki, aka sami ma'aikatan da ake kira malaman taki, waɗanda ke zaga gona suna ƙidaya sawu don a yanka wa mai ita kuɗin ƙasa. Manomi bai ga alheri a cikin awo ba tun daga ran nan, kuma tsoron da ƙauyawa ke yi wa mai ɗauke da kayan safiyo yana da tushe a wannan tarihi.

Awon ƙasa baki ɗaya kuwa wata hanya ya bi. Ana auna tsawon layi ɗaya da matuƙar kulawa, sa'an nan daga bakinsa biyu a auna kusurwa zuwa wani tudu mai nisa. Wanda ya san gefe ɗaya da kusurwa biyu na alwatika ya san sauran gefen ba tare da ya taka su ba. Haka ake ta jera alwatika daga tudu zuwa tudu har a rufe ƙasa. Tushen wannan lissafi a Nijeriya wani turke ne kusa da Minna, shi ya sa ake cewa tsofaffin taswirorin ƙasar nan a kan ma'aunin Minna suke. Za a sake komowa kan wannan batu, don yana da rigima a gaba. Masu wannan aiki da yawa a Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo suka yi karatu.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jirgin sama ya karɓi rabin aikin. Jirgi yana tafiya a miƙe yana ɗaukar hotuna masu hawa kan juna, ta yadda kowane wuri zai fito a hoto biyu. In aka sa hotunan biyu ƙarƙashin gilashi mai ido biyu, sai tudu ya taso, kwari ya faɗa, kamar mutum yana leƙowa daga sama. Daga irin waɗannan hotuna aka zana taswirori masu ma'aunin 1:50,000, inda santimita 2 a takarda ke nufin kilomita 1 a ƙasa. A kan wannan ma'auni gonar shinkafa mai hekta guda ba ta fi milimita 2 a kowane gefe ba, watau kamar ƙwayar gero. Taswirar tana nuna gari da hanya da gulbi, amma ba ta san gonar kowa ba. Cikin shekarun 1960 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi binciken ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato, rahoton ya fito a 1969, kuma shi ne ya share fagen gina madatsun ruwa a wannan yanki.

Fadama ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto

A nan ne ya kamata a dakata. Gulbin Rima yana haɗuwa da na Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, ya gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi ruwan Zamfara da na Ka kafin ya faɗa Kwara. A wannan tsakani gulbin ba rami ɗaya ba ne. Fadama ce mai faɗin kilomita da dama, cike da rassa da tafkuna da tsofaffin hanyoyin ruwa, kuma gulbin yakan bar wata hanya ya kama wata bayan babbar ambaliya. Wuri guda a cikinta yana da masu shi uku a shekara ɗaya. Da damina manomi ne da shinkafarsa. In ruwa ya fara ja, masunta ne, ƙarƙashin dokar Sarkin Ruwa da su Homa, waɗanda ke faɗin ranar da za a shiga tafki kaza da ranar da aka hana. Bikin kamun kifin Argungu a Matan Fada, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, reshe ne na wannan tsari. Da rani kuwa Bafulatani ne da shanunsa, sai kuma mai lambu da ke neman wurin da shanun ke sha.

Hoton sama da rani ake ɗaukarsa, lokacin da babu girgije. Saboda haka taswirar da aka zana daga gare shi fadamar watan Janairu take nunawa, ta Satumba ba ta ciki. Daɗin daɗawa, taswirar mallaka irin ta Turawa tana son kowane fili ya zama da suna ɗaya a kansa. Masunci da makiyayi, waɗanda hakkinsu na lokaci ne, babu gurbin da za a rubuta su.

Abin da ya faru a Bakolori ya isa misali. An gama madatsar a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, tana riƙe ruwa wajen mita miliyan 450 na murabba'i mai zurfi. Don a shimfiɗa hanyoyin ban ruwa sai da aka baje gonaki da katafila, itatuwa da gamba da kunyoyin da mutane ke gane iyaka da su duk suka tafi. Da aka zo biyan diyya da mayar wa kowa gonarsa, abin da ke takarda bai yi daidai da abin da manoma suka sani ba. Suka tare hanyoyi, kuma a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Adadin da gwamnati ta bayar na waɗanda suka mutu bai kai kusa da wanda mutanen wurin suka faɗa ba. Wannan a saman madatsa ke nan da gefenta. Na ƙasa da ita kuwa ba a ma sa su cikin lissafi ba. Binciken da W. M. Adams ya buga a 1985 ya nuna yadda raguwar ambaliya ta rage noman shinkafa da kamun kifi a fadamar da ke ƙasan madatsar, manoma suka koma gero da dawa. Madatsar Goronyo a kan Rima, wadda ta ninka Bakolori wajen riƙe ruwa, ta zo bayan wannan cikin shekarun 1980.

Shigowar kwamfuta

Dabarar da Turawa ke taƙaita sunanta da GIS, wadda za a iya kira taskar bayanan ƙasa, tana da alaƙa da Afirka tun daga haihuwarta. Wajen 1960 aka nemi wani kamfanin hoton sama na Kanada ya nuna wurin da ya dace a dasa itatuwa a Kenya. Roger Tomlinson, wanda ke aiki a kamfanin, ya ga sai an ɗora taswirar ƙasa a kan ta ruwan sama, a kan ta tuddai, a kan ta mazaunan mutane, kuma yin haka da hannu ya fi ƙarfin kuɗin da ake da shi. Daga nan ya fara tunanin a mai da taswira lambobi a ba kwamfuta. Cikin shekarun 1960 ya jagoranci gina irin wannan taska ta farko don gwamnatin Kanada, ya kuma ci gaba da wannan sana'a har rasuwarsa a 2014.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Kowane abu a doron ƙasa ana rubuta shi da lamba biyu, nisansa daga tsakiyar duniya zuwa arewa da nisansa zuwa gabas. Birnin Kebbi, alal misali, tana wajen digiri 12 da rabi arewa, digiri 4 da 'yan kai gabas. Rijiya ɗigo ce, burtali layi ne, gona kuwa fili ne da layi ya kewaye. Kowane iri yana da nasa shafi, kuma kowane ɗigo yana ɗaure da bayani: sunan mai shi, zurfinsa, shekarar da aka haƙa. Amfanin shi ne a iya yi wa taskar tambaya. Ana iya ce mata ta fito da duk ƙauyen da ya fi kilomita 5 daga asibiti kuma ruwa ke yanke hanyarsa da damina, ta ɗora shafi uku ta ba da amsa cikin daƙiƙa.

Abincin wannan taska daga sama ya zo. Amurka ta harba Landsat na farko a 1972, yana komowa kan wuri guda duk kwana 18, ko da yake ƙaramin abin da idonsa ke rarrabewa ya kai mita 80, watau ya fi gonar talaka girma. Duk da haka ya kawo abin da jirgi bai kawo ba, shi ne maimaici. A wannan fage kwarin Rima yana da nasa gwani. Farfesa Peter Adeniyi na Jami'ar Legas, wanda ya yi karatu a Jami'ar Waterloo ta Kanada, shi da abokan aikinsa na can sun yi amfani da hotunan Landsat cikin shekarun 1980 suka gwada yadda ƙasar da ke kewayen Bakolori take kafin madatsa da bayanta. Mutumin nan daga baya ya shugabanci Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, ya kuma gaji Farfesa Akin Mabogunje a shugabancin kwamitin gyaran dokokin mallakar ƙasa da Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa a 2009. Ƙiyasin da wannan kwamiti ya riƙa ambata shi ne filayen Nijeriya da aka yi wa rajista ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Wanda ya fara da duban fadama daga sama ya ƙare da tambayar wa ke da takardar gonarsa, kuma wannan ita ce hanyar da sana'ar kanta ta bi.

Sauran ci gaban ya zo da sauri. A watan Mayu 2000 Amurka ta daina rage ingancin saƙon GPS da gangan. Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003 mai ganin mita 32, da NigeriaSat-2 a 2011 mai ganin mita 2 da rabi. A 2008 aka buɗe taskar hotunan Landsat kyauta ga kowa.

Wanda ba ya cikin taswira

Aikin rigakafin shan inna ya nuna abin da wannan ke nufi ga talaka. A dā masu allura da taswirar da aka zana da hannu suke fita, wadda ma'aikacin gunduma ya zana daga abin da ya tuna. Daga wajen 2012 aka fara zana garuruwa da ƙauyukan jihohin Arewa daga hoton tauraro, aka kuma ba ayarin masu allura wayoyin da ke rubuta inda suka taka. Sai ga tungaye da rugage da ba su cikin jerin kowa, musamman a kan iyakar gunduma biyu inda kowace ke zaton na ɗayar ne. A watan Agusta 2020 aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Haka kuma shirin rancen manoma da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015 bisa hekta aka riƙa lissafa shi, don haka wanda aka auna gonarsa daidai da wanda aka rubuta wa gonar da babu ita duk a hannun mai awo suke.

Akwai tarko biyu da ke jiran ma'aikacin yau. Na farko shi ne ma'aunin Minna da aka ambata. Wayar hannu da ma'aunin duniya na 1984 take lissafi, kuma a wajen Birnin Kebbi bambancinsa da na Minna ya kai mita 80 ko fiye, yawancinsa gabas da yamma. Wanda ya ɗauko lambar tsohon turke daga fayil ya zuba ta cikin waya bai juya ta ba, zai kafa iyakar wani a tsakiyar gidan maƙwabcinsa, sa'an nan alkali ya gaji shari'ar da ba a san asalinta ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, amma takarda ba ta fi awon da ke bayanta ƙarfi ba.

Na biyu shi ne suna, kuma a nan ɗaliban harshe suna da aiki. Baturen safiyo ya rubuta abin da kunnensa ya ji: Sakkwato ta zama Sokoto, Kabi ta zama Kebbi, lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ta zube. Kwamfuta kuwa ba ta da hankalin gane cewa Tungar wane da aka rubuta iri uku ƙauye ɗaya ne, ko cewa Sabon Gari goma sha biyu garuruwa ne daban-daban. Bugu da ƙari sunan yana ɗauke da bayani da hoto ba ya bayarwa. Tunga mazaunin da aka kafa don noma ko su ne, ruga ta makiyaya ce mai iya tashi, kufai wurin da aka bari ne, kuma dattijon da ya ce wurin nan tsohon gulbi ne ya faɗi inda ruwa zai bi ran da ya ƙi hanyarsa.

Ruwan kuwa yana ƙin hanyarsa. A watan Satumba 2010, shekarar da ma'aikacin nan na farkon lacca ke haɗa takardun fansho, ambaliyar Rima ta cinye ƙauyuka a Sakkwato da Kebbi, ta karya gadar da ke kai wa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2020 wata ta sake zuwa ta kwashe shinkafar Kebbi gab da girbi. A irin wannan lokaci girgije yakan rufe idon tauraro mai ɗaukar hoto, amma taurari masu aiki da rada, irin Sentinel-1 da Turai ta harba a 2014, suna ratsa girgije su nuna shimfiɗar ruwa ko da dare ne. Saboda haka layin da ruwan 2020 ya kai abu ne da za a iya zanawa unguwa-unguwa daga Argungu har Bunza, a ɗora shi a kan shafin filayen da ake rabawa don gini, a ga fuloti nawa ne suka faɗa cikinsa kafin a sa wa takardunsu hannu.